Romon da Guilan Ta Dafa

"Tang," in ji Tsoho Dou, bakinsa a karkace.

Matarsa Guilan ta sake ɗebo romon kaza a cokali. "To ga shi ai, tsoho. Sha a hankali, ba mai ƙwace maka."

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a tashar bas ta garin Luoyang na ƙasar Sin, 'yan kalmomi kaɗan suka rage masa, su ma a shimfiɗe suke fitowa, ba hawa ba sauka. Mutumin da kullum da safe yake tara tsofaffin unguwa a lambu da zaƙin muryarsa.

Likita Pei ta riga ta nuna mata hoton ƙwaƙwalwarsa. "Inna, kalmomin suna nan a kansa. Wurin da ke ɗaga murya ya sauke ta ne jini ya ɓata. Romo yake so, ko sukari, ko kwanciya, duk tang ɗaya za ki ji, tunda hawa da saukar murya ne ke bambanta su a yarenmu. Sai dai ki riƙa cinka."

Ita kuwa ta yi ta cinka. Sukari dai an hana shi. Kwanciya kuma, da ta sauke kan gadon ɗazu, harara ya watsa mata. Saura romo.

"Tang," ya sake cewa, idanunsa suka ciko.

"Ji min rigimammen tsoho! Da can ma haka kake, ana ba ka kana mita." Ta tura masa cokalin, ya haɗiye da ƙyar, jijiyar wuyansa ta miƙe.

Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa a ɗakin asibitin ta leƙo, tana ɓare lemo. "Yaya, kada ki ce na yi shisshigi. Dubi tururin nan fa. Anya ba zafi yake ce miki ba?"

Hannun Guilan ya tsaya. Haka ne, in aka jefo kalmar daga sama ta faɗo ƙasa, ƙuna take nufi. Yaron goye ma ya san wannan. Ita ce dai ba ta kawo shi a ranta ba.

Ta kurɓi romon. Man da ke samansa ya rufe zafin ruf, nan take harshenta ya ɗauki raɗaɗi. Ta duba kwanon, an sha fiye da rabi. Ta ja leɓensa na ƙasa da yatsa, cikin ya yi jajir, har ya fara tashi.

"To me ya sa kake ta buɗe bakin?" Muryarta ta karye. "Dou, da ka rufe mana! Da ka kau da kai!"

Ya daɗe yana kallonta. Sai ya dubi cokalin da ke hannunta, ya sake buɗe baki yana jira.