An Ce Baba Ya Yi Murmushi

Auta ta riƙe wayar daidai fuskar mahaifinta. A gilashin wayar akwai wata da'ira, a ƙasanta an rubuta cewa mai akwatin saƙonni ya sa fuskarsa a ciki, ya juya hagu, ya juya dama, sannan ya yi murmushi.

Baba ya juya hagu. Dama ta ba shi wuya, amma ya kai. Da aka zo kan murmushin sai gefen bakinsa ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya tsaya inda ciwo ya ajiye shi. Da'irar ta yi ja. Wayar ta ce ba ta gane wannan fuskar ba, a sake gwadawa.

"Hasken ɗakin ne, Baba," in ji Auta. Ta ja labule, ta sake gwadawa, da'irar ta sake yin ja. Inna ta miƙo hannu ta sauke wayar daga fuskar mijinta, ta goge masa gefen baki da tawul, ta ce ya isa haka.

Sana'ar gidansu ɗinkin kayan aiki ce. Baba ya fara da keke ɗaya a bakin titi, har ya kai ga dogon shago cike da teloli. Abin da ke riƙe da shagon kuwa aikin wata masana'antar kwalabe ne da ke bayan gari, wadda duk shekara take ba su ɗinkin riguna da wandunan ma'aikatanta. Bana ma ta aiko da tayinta ta imel, kuma ta ce a amsa kafin a tashi aiki ranar Juma'a, daga adireshin shagon, ba daga wani ba. 'Yan damfara sun taɓa shigar musu da sunan masu kawo kaya, tun daga nan ba sa karɓar magana ta waya, ba sa karɓar takarda a hannu. Tayin yana can cikin akwatin saƙonni, akwatin kuma a kulle.

Da can saƙonnin shagon a shagon suke kwana. Wata baƙar kwamfuta ce a ɗakin ajiyar yadi, wadda yayan Auta ya haɗa da hannunsa. Tsohuwa ake ce mata, saboda nishi da tarin da take yi. In aka ɗauke wuta ta suma. In aka yi zafi sai an ɗauke fankar teloli an juya mata, su kuwa su yi ta sharce gumi suna cewa Tsohuwa ta fi su gata a wurin maigida. Ranar da ƙurar yadi ta shaƙe ta, ta tafi da saƙonnin mako guda, Auta, wadda ita ce ke zaman ofis, ta kawo maganar a mayar da komai hannun wani kamfani da ke ajiye wa mutane imel a nasa injinan, waɗanda ba sa suma, ba sa neman fanka.

Yaya ya ƙi. Ya ce abinka in yana ɗakinka, ya lalace ka buɗe shi ka duba. In yana hannun wasu, sai dai ka tsaya a ƙofa kana sallama. Auta ta ce ai shi kaɗai ya san cikin Tsohuwa, in ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo shagon ya zama kurma. Baba ya saurare su duka, sannan ya ɗaga yatsu biyu ya buɗe ya rufe kamar almakashi. Duk wanda ya taɓa aiki a shagon ya san wannan alamar: magana ta ƙare, a je a yanka yadi. Ya ce a bi ta Auta.

Ranar da take rajista aka tambaye ta sunan mai akwatin. Har ta fara rubuta nata, sai kunya ta kama ta. Sunan Baba ne a allon ƙofa, nasa ne a takardar haya, nasa ne ma a mitar wuta. Ina ita, autar gida, ina sa sunanta a saman na uba da wa? Ta goge, ta sa na Baba, da lambar wayarsa, da hoton katin shaidarsa, shi da bai taɓa buɗe imel ba tunda yake. Yaya kansa, da haushinsa, ya ce ta yi hankali.

Ana nan, wata rana sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburin yanka, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wayarsa ta tarwatse a ƙarƙashinsa. Suna asibiti kwamfutar ofis ta nemi a shigar da lambar da aka tura wa wayar mai akwatin. Masu layin waya suka ce ba za su ba da sabon layi ba sai mai sunan ya zo da ƙafarsa. Yaya ya zauna ya yi ta cankar lambar, har kamfanin ya ɗauka ɓarawo ne, ya datse akwatin gaba ɗaya. Hanya ɗaya aka bar musu, ita ce fuskar Baba.

Da wayar ta ƙi fuskar Baba, Auta ta bar gida ta wuce shago. Kekuna na aiki, amma ƙananan gyare-gyare ne kawai a ƙarƙashin allura, kuma ta ga yadda teloli suka ɗago kai suka dube ta suka mayar. An gaya musu maigida yana hutawa ne. Ta tarar da Yaya a ɗakin ajiya, ya yaye wa Tsohuwa zanen da aka lulluɓe ta da shi, ya jona mata wuta. Tsohuwa ta yi tari ta tashi, fitilarta na ƙyaftawa. Amma babu amfani, shi ma ya sani. Saƙo ya daina bin hanyarta, kuma ba a iya karkato shi sai da mabuɗin da ke cikin akwatin da aka kulle.

"Tsohuwa dai ba ta taɓa cewa kowa ya yi mata murmushi ba," in ji shi, bai waiwayo ba.

"Ta dai haɗiye mana saƙon mako guda, ko gyatsa ba ta yi ba."

Ya yi guntuwar dariya, ya zauna a kan ƙullin yadi, ya dafe kai. Auta ta fi son ya yi mata faɗa. Ta koma ofis ta kira kamfanin. Aka sa mata kiɗa, aka haɗa ta da wani, ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya haɗa ta da wata. Kowa sai ta maimaita masa labarin tun daga faɗuwar Baba, kuma duk maimaitawa sai ta ji kamar yanzu ya faɗi. Daga ƙarshe wani ya ce akwai wata hanya: a kawo shaidar likita, sannan ma'aikacinsu ya ga mai akwatin ido da ido ta bidiyo.

Inna ta ce sam. A tsakar gida suka tsaya, da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ƙannensa ma ba ta bari sun shiga ɗakin ba, balle baƙon da ba ta san asalinsa ba ya zauna yana kallon mijinta da tawul a haɓa. Mutumin da ko hularsa ta karkace ba ya fita. Auta ta ce in Juma'a ta wuce an rasa aikin masana'anta, kuma in aka rasa shi yawancin kekunan shagon rufe su za a yi. Inna ta ce to a rufe, ita ba ta haifi keke ba. Sannan ta faɗi abin da ba wanda ya faɗa tun da abin ya faru: wa ya aike ta sa sunansa?

Auta ta sunkuyar da kai. Tana tsaye tana kallon ƙasa suka ji ana bugun ƙarfen gado. Suka shiga da sauri. Baba ya ji komai ta taga. Ya dubi Inna, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗaga hannun hagu, ya buɗe yatsu biyu ya rufe.

Washegari da hantsi Inna ta yi masa aski da kanta, ta sa masa farar riga da hula, ta ɗauke tawul ɗin ta ɓoye a bayanta. Wata mata ta bayyana a wayar, da abin ji a kunne, idanunta na wadda ta kwana biyu ba ta huta ba. Ta gaishe shi da girmamawa, ta duba shaidar likita, sannan ta karanto ƙa'ida: mai akwatin ya zauna shi kaɗai a hoton, kada a ga kowa ya taɓa shi ko yana gaya masa abin da zai yi.

Da Inna ta sake shi sai ya fara zamewa ta gefen da ya mutu. Aka tayar da shi, ya sake zamewa. Yaya ya durƙusa a ƙasa ta gefen gadon inda kyamara ba ta kai ba, ya sa kafaɗarsa a haƙarƙarin mahaifinsa ya tokare shi. Baba ya zauna a miƙe kamar yana bayan teburinsa.

Matar ta ce ya faɗi sunansa. Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe, wani sauti ya fito wanda ba suna ba ne. Ya sake. Inna ta juya wa bango fuska. Auta ta ji tana so ta jefar da wayar ta taga, amma ta riƙe ta da hannu biyu. Matar ta duba wani abu a gefenta, ta ce to ba komai, in shi ne mai wannan akwatin ya ɗaga hannu. Ya ɗaga. In ya yarda a ƙara wani a matsayin mai iko da shi, ya sake ɗagawa. Ya ɗaga. Ta tambayi Auta sunan da za a sa.

Kunyar nan ta sake taso mata. Ta dubi ƙasa inda wanta yake, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ki faɗi naki mana," ya ce da raɗa, "kafaɗata ta kusa ɓallewa."

"Zan ɗauka ban ji kowa ba," in ji matar, ba ta ɗago daga rubutunta ba.

Auta ta ba da sunanta, ta ba da na Yaya, ta ce a sa duka biyun. Matar ta ce ita nata ya ƙare, sai na sama da ita sun duba, kuma za a turo sakamakon ta imel ɗin shagon. Auta ta tsaya tana kallonta. Matar ta gane cewa ai shi ne a kulle, ta rufe ido, ta ce a ba ta lambar waya. Yaushe? Ba za ta iya yin alkawari ba.

Ranar Juma'a tun da safe Auta ta tafi masana'antar da waya cike da caji. Jami'in sayen kayan saurayi ne sabon zuwa, ba mugu ba ne. Ya ce ya ji labarin ɗinkin Baba, tsofaffin ma'aikata na cewa rigarsa sai dai ta koɗe, ba ta yagewa. Ya ce yana ganinta da idonsa, ya kuma yarda ita ce, amma ba shi ya kafa dokar ba, in ya karya ta shi za a fara sallama. Ta zauna a benci a bakin ofishinsa. A ɗaya ƙarshen bencin akwai wani mutum da jakar samfurin riguna a cinya. Ya gaishe ta, ya matsa mata wuri, har ya miƙo mata ruwa. Ba ta iya sha ba.

Rana ta raba, ta karkata. Duk motsin da wayar ta yi sai ta yi wuf ta duba: Inna ce tana tambaya, Yaya ne yana tambaya. Ta kira kamfanin aka sa mata kiɗa. Can jami'in ya leƙo, ya dube ta, ta girgiza kai. Ya kira mai jakar. Ta ji an ja kujera, ta ji ana dariya, ta ji ƙarar hatimi.

Ma'aikata sun fara fitowa, sanye da shuɗayen rigunan da ta san ɗinkin aljihunsu, lokacin da wayar ta yi ƙara. An buɗe akwatin. Ta shiga ofishin ba sallama, ta zauna a kujerar da ke da sauran ɗumin mai jakar, ta rubuta amsar, ta tura wa mutumin da in ta miƙa hannu za ta taɓa teburinsa. Suka zauna su biyu suna kallon kwamfutarsa har saƙon ya iso.

Ya karanta, ya sosa ƙeya. Riguna da wanduna sun riga sun tafi, ya sa hannu. Abin da ya rage shi ne huluna da mayafan gaba na masu ɗaure kaya, aikin da Baba yake ba wa sababbin teloli su koyi hannu. In tana so. Ta ce tana so.

Inna ta tare ta a ƙofar ɗaki, ta karanta fuskarta, ta raɗa mata, "Ki ce masa an dace, sauran bayani sai ya ji sauƙi." Auta ta shiga ta durƙusa a bakin gadon. Yaya na zaune yana matsa masa ƙafa. Baba ya kafe ta da idon da yake duba ɗinki da shi, wanda ba a taɓa wuce da karkataccen layi a gabansa ba. Ta gaya masa yadda aka yi, da abin da ya tafi, da abin da ya rage.

Ya rufe ido. Auta ta fara tuno fuskokin teloli ɗaya bayan ɗaya, wa za a ce wa ya zo gobe, wa za a ce wa ya ɗan jira a gida, da kuma bakin da za ta faɗa da shi. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar Baba mai rai, Inna ta kai tawul, ya kawar da hannunta. Ya nuna Yaya, ya nuna Auta, ya buɗe yatsu biyu ya rufe.

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullan shago daga kan ƙusa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya tambaye ta wane launi masana'antar ta ce a yi hulunan. Ta ce bari ta duba saƙon.