Baƙin Asiyatu

Twaibu tela ne, mutumin Mangochi ta ƙasar Malawi, amma a Durban gashin kansa ya yi fari. Shagonsa wani ɗan lungu ne a bayan babban masallaci, keken ɗinki da teburin yanka sun cinye wurin. Ba shi da yawan magana, kuma a unguwar ba a cika kiran sunansa ba, mijin Asiyatu ake ce masa.

Ita Asiyatu ba ta sayar da komai. Abin da Allah ya ba ta shi ne sanin inda ake cin abinci. Ta san wace ce a cikin matan Zulu na kasuwar Warwick ke dafa kan saniya yankan Musulmi, ta san Ba'indiyen da miyarsa ba ta kwana, ta san benen da 'yan Habasha ke gasa gahawa, da rumfar da 'yan Kongo ke ajiye busasshen kifi da ganyen rogo. Duk baƙon da mota ta sauke yana waige-waige da jaka a hannu, in ya faɗo hannunta sai ta ga ya ci ya ƙoshi. In tana sauri sai ta nuna masa hanya, ta ce ya je ya ce Asiyatu ce ta turo shi. Masu abincin sukan ƙara wa irin wannan baƙo nama, su ba shi wurin zama, wani lokaci har su yi masa hanyar ɗakin haya.

A watan Sha'aban ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba ta ga azumi ba. Daga ranar Twaibu ya daina bi ta kasuwa. Burodi da shayi ya koma ci, yana cusawa a gaban keke. 'Yarsu Mwanaisha da ke aure a Johannesburg ta yi ta damunsa a waya, tana cewa muryarsa ma ta rame. Bayan babbar Sallah, don dai ya samu abin da zai faɗa mata, ya taka zuwa Warwick.

Layin masu kan saniya yana nan yadda ya san shi, tururi na tashi daga manyan tukwane, maza na zaune a benci suna dangwala nama a gishiri da barkono. MaCele, wadda Asiyatu ke kira yayata, ta hango shi ta ajiye wuƙa. Ta zo ta'aziyya lokacin rasuwar, ta yi kuka har sai da aka riƙe ta. Yau ba ta yi kuka ba. Ta zuba masa nama da dafaffen burodi a kan katako, ta tsaya tana kallonsa yana ci, sannan ta sunkuyo.

"Baba, zan tambaye ka wani abu, kada ranka ya ɓaci. Da hannunka ka sa ta a kabari?"

Twaibu ya daina tauna. Ya ce da hannunsa, shi da wasu mutum biyu.

MaCele ta goge hannu a zane, ta faɗa masa cewa baƙin ba su daina zuwa ba. Da farko ta ɗauka waɗanda Asiyatu ta gani ne kafin ta kwanta. Amma ga shi an yi azumi, an yi sanyi ya wuce, kuma ko a makon nan wani yaro ɗan Mozambik ya tsaya a nan, ƙurar hanya a takalminsa, ya ce Asiyatu ce ta turo shi. Ta ce ita dai tana ƙara musu naman, ba ta tambayar komai, don ba ta son jin amsa.

Twaibu ya ce mata rikicewa ce kawai irin ta baƙi. Amma ya tashi ya bar naman.

Maimakon ya koma shago, ƙafarsa ta kai shi wurin Goolam, tsohon Ba'indiyen da ke raraƙe rabin burodi ya cika shi da miyar wake mai yaji. Goolam ya yi watanni a gidan ɗansa ana masa aikin ido, bai daɗe da dawowa ba. Yana ganin Twaibu ya buɗe baki da dariya.

"A'a, mijin Hajiya, yau an sake ka ke nan? Ka ce mata ta turo mini rabin Afirka, ita kuma ta ɗauke ƙafa. Ko miyar tawa ce ta yi tsami?"

Twaibu ya buɗe baki zai faɗa masa ta rasu. Sai ya ji kansa yana cewa za ta ji. Goolam ya naɗe masa burodi a takarda, ya ce wannan nata ne, kada ya kuskura ya taɓa a hanya, ya san halin teloli. Twaibu ya kai ƙunshin gida ya ajiye a kan tebur. Bai iya ci ba, bai kuma iya zubarwa ba, sai da ya fara wari.

Ya kai maganar wurin liman bayan sallar la'asar. Liman ya ce wanda ya tafi ya tafi, ya yawaita yi mata addu'a, ya kuma rage zaman kaɗaici. Twaibu ya san haka ne, shi ma abin da zai faɗa wa wani ke nan. Duk da haka in yana ɗinki sai ya ji kamar an tsaya a ƙofar shago an tare haske, yadda takan tsaya da kwando a hannu. In ya ɗago, babu kowa sai masu wucewa. Ya fara ɓata ɗinki, ya yanke hannun rigar wani malamin makaranta a karkace.

Daga nan ya riƙa rufe shago da hantsi, ya je ya zauna a ƙarshen bencin MaCele. Ba ya ci, kallon masu zuwa kawai yake. MaCele ba ta kore shi ba, ko da yake ta ce yana tsorata mata masu ciniki da wannan fuskar.

Wata Talata wata matashiya ta zo da goyo a baya da jakar leda a hannu. Ta tsaya nesa da tukwane tana duba fuskokin matan, sannan ta tambayi wace ce MaCele. Da aka nuna mata, ta matso ta faɗi sunan Asiyatu a hankali, kamar wadda ta haddace shi a hanya. MaCele ta dubi Twaibu, ta juya ta kama yanka nama.

Ya bari sai da ta ci ta ba yaron romo, sannan ya gaishe ta da ɗan Swahilin da yake ji. Sunanta Kaneza, daga Burundi, jiya ta sauka. Ya tambaye ta inda ta ga Asiyatu. Ta ce ita ba ta gan ta ba. Wata mata ce 'yar Zimbabwe da suka zauna kujera ɗaya daga kan iyaka ta ba ta sunan, ta lissafa mata wuraren: nama a wurin MaCele, burodi da wake a wurin Goolam, in kuma tana neman 'yan ƙasarsu ta hau benen masu gahawa ta tambaya. Ta ce duk motar an san sunan, har direba.

Twaibu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, amma wani abu mai ɗaci ya zauna a wurin. Ashe suna ne kawai ke yawo daga baki zuwa baki. Da ya fassara wa MaCele, ta sauke numfashi, ta yi 'yar dariya, ta ƙara wa Kaneza wata tsoka.

Kaneza ta ce, "Baba, ka san ta ne? Ina so in je in yi mata godiya."

Ya ce matarsa ce, kuma ta rasu tun kafin azumi.

Matashiyar ta ajiye naman. Ta gyara goyonta, sannan ta ce ba ta gane ba. Matar Zimbabwen ta ce mata da idonta ta ga Asiyatu a watan jiya, ranar Juma'a, a tashar manyan motoci. Tsohuwa ce gajera mai wushirya, tana ɗan jan ƙafar hagu, ita ta riƙe mata jaka har bakin titi.

 Asiyatu ta karye a ƙafar hagu shekarar da aka haifi Mwanaisha. MaCele ba ta jin Swahili, ta tambayi Twaibu me yarinyar ta ce. Ya ce ta'aziyya take yi masa.

Ranar Juma'a ya yi wanka da wuri ya tafi tashar. Ya tsaya a jikin wani ginshiƙi, motoci na shigowa suna zubar da mutane da buhuna da barguna. Tsofaffin mata sun fi a ƙirga, masu sayar da ayaba, masu jiran 'ya'ya, masu mayafi da marasa shi. Can wajen inda ake sauke kaya ya hango wata gajera ta ba shi baya, tana nuna wa wani saurayi hanya da hannu. Tsakaninsu bai fi faɗin titi ba. Ya tsaya yana kallon bayanta, bai zagaya ya ga fuskar ba. Wata mota ta shigo ta raba su. Da aka kira sallah ya juya ya nufi masallaci.

Bayan an idar ya wuce wurin Goolam ya faɗa masa gaskiya. Tsohon ya zauna a kan buhun albasa, ya cire tabarau, ya ce wa ma'aikacinsa ya ja ƙofa. Suka yi mata addu'a su biyu, masu ciniki na ƙwanƙwasawa a waje.

Ƙarshen watan Twaibu ya sayar da keken ɗinkin, ya bar teburin ga mai shagon. Mijin Mwanaisha ya zo da mota ya ɗauke shi. Sun ba shi ɗakin da ke kallon bayan gida, jikokinsa na shiga suna fita, kuma ya ɗan mayar da jiki. Mwanaisha ta sha tambayarsa abin da ya sa ya yarda ya bar Durban bayan ya daɗe yana ƙi. Yakan ce idonsa ne ya daina ganin ramin allura.