Garin Kakata a Takardar Baba Saleh

"Riƙe min gefen nan, Naja'atu, hannun ya ƙi."

Na danne takardar, Baba Saleh ya ɗora alƙalami a kai. Maƙwabcinmu ne a unguwar Ammariyya ta Jidda, ƙofa da ƙofa. Shekara arba'in yana zana wa 'ya'yan Takari taswirar ƙasashen kakanninsu, Kazaure, Gumel, Damagaram, da ado a gefe kamar bakin darduma. Shi kansa bai taɓa fita daga Hijaz ba. Tsofaffin da suka zo Hajji a ƙafa yake zaunarwa, ya ba su shayi, su lissafa masa garuruwan da suka kwana, shi kuma ya jera su. Gabas yake sawa a sama. Wani baƙo ya taɓa cewa ya karkace duniya, ya ce masa mutanensa gabas suka fuskanta, halas, zance ya ƙare.

Kakata ma ta zauna da shi kafin ta rasu. Ni kuwa sakarya, a lokacin gudun surutun tsofaffi nake. Yanzu duk Jidda ba wanda ya san sunan garinmu sai shi, ga shi likita ya sallamo shi gida ya ce a yi ta addu'a. Wallahi tsoro nake ji. Amma in ce ya faɗa min da baki kawai, ai kamar na yi masa bankwana ne.

Ya gane ni sarai. Ya yi 'yar dariya ya ce shi ba ya ba da gari tsirara, sai da maƙwabtansa a takarda. "In an tambaye ki ina yake, ki ce me?"

Kwana shida muna yi bayan la'asar. Ya ja rafi, ya huta. Ya dasa bishiyar kuka, ya huta. Ran na bakwai da hantsi matarsa Rabi'a ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ganin fuskarta ya ishe ni.

Bayan an share makoki ta miƙo min takardar a naɗe. Adon gefen ya tsaya rabi. Ta ce ranar da ya cika, yana idar da asuba ya sa ta tallafe masa gwiwar hannu, ya yi rubutu ɗaya da ajami, sunan garin. Na yi kuka na gode, na rasa wa zan gode wa, na rungume ta. Allah Ya jiƙan Baba Saleh.

'Yata Dalal, da Hausa ba ta zauna a bakinta ba, ta durƙusa kusa da ni. Ta ɗora yatsa a kan ajamin, a ƙarƙashin kukar, tana haɗa baƙaƙen a hankali.

"Rijiyar... Ɗinya."