Sailuba a Ƙofar Ɗakin Allura

Sailuba tana zaune a ƙofar shagonta tana tsince tsakuwa daga riɗi a faifai lokacin da wayarta ta yi ƙara. Tun asuba ake yayyafi a garin Lafiya, irin sanyin nan mai shiga ƙashi, kuma ƙugunta na hagu ya riga ya gaya mata yau ba ranar yawo ba ce. Shekarunta arba'in da biyu. Da sikila aka haife ta, ciwon ya cinye mata kan ƙashin ƙugu tun tana talatin, da sandar ƙarfe take tafiya.

"Wa ke magana?"

"Barira ce, uwar Ikilima. Sailuba, don Allah ki zo. Tun ƙarfe takwas muna asibiti, yarinyar nan tana ta birgima, sun ƙi yi mata allura."

Sailuba ta ja tsaki. Wata biyar ke nan rabon da ta ji sunan Ikilima ba tare da ta ja tsaki ba.

Su goma sha bakwai ne masu sikila da ke haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata a rumfar bayan shagon Sailuba. Sun sa wa kansu suna Mu Riƙe Juna. Idan ciwon wani ya tashi, wani ne a cikinsu zai raka shi asibiti, ya tsaya masa a layin kati, ya murza masa ƙafa da ruwan ɗumi. Shekara shida da suka wuce Ikilima ta shigo cikinsu, 'yar siririya mai ɗinkin hula daga Akurba, Sailuba ta riƙe ta kamar ƙanwar da suka fito ciki ɗaya. Sai ga shi wata Asabar Ikilima ta zo da labarin wani mai magani a Assakio, wai yana da jiƙo a jarka mai wanke jini, in an sha wata shida sikila ta fita gaba ɗaya, amma sai an daina shan maganin asibiti. Sailuba ta ce ƙarya yake, ta kuma faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Ikilima ta miƙe ta gyara hijabinta.

"Ku dai kun rungumi ciwon nan kamar gado," in ji ta. "Ba warkewa kuke so ba, Yaya. Zaman jinya kuka saba."

Ranar ta fita daga guruf ɗinsu na waya, ba ta sake ɗaga kiran kowa ba.

"Ku kira mai jarka mana," Sailuba ta ce wa Barira, ta kashe wayar.

Ta koma kan faifanta. Ta tsinci tsakuwa ɗaya, ta tsinci biyu. Ta san mene ne awa huɗu a kan benci ciwo yana tauna ƙashi. Ta dangwarar da faifan har riɗin ya zube, ta kira Tertsea.

Tertsea Batibi ne daga wajen Obi, keke napep yake tuƙawa, shi ma ɗan ƙungiya ne, da gyambo a idon sawu shekara huɗu ya ƙi warkewa. Da ya iso ya ɗaga mata ƙafar ta shiga, ya miƙa mata sandarta, sannan ya waiwayo da Hausarsa ta kasuwa.

"Anti, ba kai ka ce ba za ka sake kula shi ba?"

"Na ce. Tuƙa."

Sun tarar da Ikilima a kan bencin katako a barandar ɗakin allura, ta naɗe kamar tabarma, ta cusa gefen hijabi a baki tana cizo don kada ta yi ihu. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Idanunta sun yi ɗorawa shar. Barira na durƙushe a ƙasa tana riƙe da ƙafafunta, da wata jakar leda babba a gefe.

"Me suka ba ta?"

"Farasitamol guda biyu. Likita yana tiyata. Nas ɗin ta ce mu jira."

Ikilima ta buɗe ido ta ga wadda ke tsaye a kanta, ta mayar ta rufe, hawaye ya gangaro ta gefen kunne. Sailuba ta kau da kai. Ta doka sandarta ta nufi teburin nas.

Nas ɗin mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, tana rubutu a wani babban littafi.

"Sista, sannu da aiki. Yarinyar can mai sikila ce, ciwonta ya tashi tun safe. A kira mata likita, ko wanda ke riƙe masa."

"Ke wace ce tata?"

"Yayarta ce."

"To yayarta, ki zauna ku jira tare." Ta ɗago ta dubi Sailuba daga sama har ƙasa. "Mun san irinsu. Ta shigo nan tana faɗa mini sunan allura da bakinta, har da yawan da za a yi mata. Wane mara lafiya ne ke rubuta wa kansa magani? 'Yan ƙwaya ne, sun saba. In sun ji marmari sai su zo su yi ta birgima."

Mutanen da ke layi suka juyo suna kallon Ikilima. Wata mata har ta janye ɗanta daga bencin.

"Ta san sunan allurar ne don shekara ashirin da bakwai ana soka mata ita!" Muryar Sailuba ta cika barandar. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa damtsenta gaban tabarau ɗin, tabo a kan tabo, jijiyoyi duk sun ɓuya. "Dubi nan. Ni ma na san sunanta. Ni ma 'yar ƙwaya ce? Kin taɓa jin ana dakan ƙashinki a turmi kina raye? Kin ma auna ta? Kin duba idonta? Kin sa hannu a goshinta?"

"Madam, nan ba kasuwa ba ce."

"A kasuwa da tuni wani ya ji tausayinta."

Nas ɗin ta kira mai gadi. Kafin ya iso, Sailuba ta ja jiki zuwa ƙofar ɗakin allura, ta jingina da bango, ta sulale ƙasa a hankali tana cije leɓe, don zaman ƙasa shi ne abin da ƙugunta ya fi ƙi. Ta miƙe ƙafafu, ta gitta sandar a bakin ƙofar.

"Ba mai shiga, ba mai fita, sai likita ya ga yarinyar nan."

Mai gadin ya zo yana gyara bel. Ya sunkuya zai kama hannunta.

"Ɗaga ni," in ji ta. "Dama ƙugun a lalace yake, ka ƙarasa shi. Ga mutane shaida."

Ya tsaya da hannu a miƙe, ya dubi nas, ya dubi sandar, ya ja da baya.

Tertsea bai tsaya kallo ba. Ya koma gefe ya tura saƙon murya a guruf. Cikin rabin awa Nasiha malamar firamare ta iso da alli a hannun rigarta. Vincent mai gyaran janareto ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu. Mu'awiya ya rufe shagon askinsa ya hau acaba cikin ruwan. Kafin a kira azahar su takwas ne a barandar, wasu na ɗingishi, wasu idanu rawaya, duk waɗanda Ikilima ta ce ba sa son warkewa. Nasiha ta cire mayafinta ta lulluɓe ta. Vincent ya samo ruwan zafi wajen mai shayi ya zuba a gora, aka naɗe da tsumma aka sa mata a baya. Ba wanda ya yi hayaniya. Suka jeru a jikin bango suna kallon teburin nas, har ta daina rubutu.

Labarin hayaniyar da Sailuba ta yi da farko ne ya kai ga wani likita, Dakta Sharhabilu, ya fito daga tiyata da hular leda a kai. Ya tsallake sandar Sailuba zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan bencin. Ya ja fatar idon Ikilima ƙasa, fari fat kamar takarda. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya daɗe, fuskarsa ta sauya.

"Tun yaushe take nan?"

"Ƙarfe takwas," in ji Barira.

Ya juya ya dubi nas ɗin. Muryar da ya ba da umarni da ita ta sa ta tashi da gudu. Aka kawo gado mai taya. Aka yi allurar, aka ɗaura ruwa, aka sa mata iskar numfashi. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa sosai, ciwon ya fara taɓa ƙirji, jini leda biyu ake nema yau ɗin nan.

Su takwas ɗin ba mai iya ba da ko cokali. Amma wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu, kowa ya san jinin 'yan gidan kowa. Sailuba ta kira mijinta Muntaka daga kasuwar doya, Tertsea ya kira wansa Aondofa. Su biyun suka kwanta aka ɗiba.

Sai da la'asar Ikilima ta daina nishi, barci ya fara fizgarta. Sailuba na zaune a kujerar roba kusa da gadon, ƙugunta na zugi, ta ga Barira ta buɗe jakar ledar nan a hankali ta fito da jarka mai ruwa baƙi-baƙi da ɗan kofi.

"Mene ne wannan?"

"Mai maganin ya ce kada a tsallake ko rana ɗaya. Saura wata guda ta cika wata shidan."

Sailuba ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta fizge jarkar, ta ja ƙafa har bakin kwata, ta buɗe ta tuttular. Wari kamar na jiƙaƙƙen ɓawon itace ya tashi. Ta yi jifa da jarkar ta daki katanga.

"Mama, so kike ki kashe ta? Wata biyar ba ƙwayar magani ko ɗaya a cikinta, kina kallo tana narkewa, kina auna mata ruwan itace a kofi!"

Barira ta biyo ta, ta tsaya a cikin yayyafin.

"To me kike so in yi? Biyu na binne, Sailuba. Yahya yana da shekara tara, Luƙman yana da sha huɗu. Duk maganin asibiti suke sha, ban taɓa tsallake musu ba. Wani ya ce mini zai warkar mini da ta ukun, sai in ce masa a'a?"

Sailuba ta dube ta. Fushin yana nan cike da ƙirjinta, sai dai ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta kama hannun tsohuwar suka koma ciki.

Kwana huɗu 'yan ƙungiya suna karɓa-karɓa a bakin gadon. Sailuba tana zuwa kullum da kunun gyaɗa, ta ajiye, ta tambayi Barira yadda aka kwana, ba ta kallon mai jinyar. A rana ta huɗu Ikilima ta riƙe gefen zaninta.

"Yaya, ki zage ni mana, ya fi mini wannan shirun."

"Me zan ce miki? Ai mu zaman jinya muka saba. Ga shi muna yi."

"Na gaji ne, Yaya." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Wanda zai aure ni, 'yan'uwansa suka ce ba za su ɗauko gawa ba. A gabana aka faɗa. Ina so ko sau ɗaya in shiga wuri a ce ga Ikilima, ba ga mai sikilar nan ba."

"Ni ban gaji ba? Tertsea da ke wanke gyambo kullum kafin ya hau keke bai gaji ba? In kin gaji ki zo ki ce kin gaji, mu zauna mu gaji tare. Amma ki dubi idona ki ce ba na son warkewa?" Ta share fuska da bayan hannu, da ƙarfi. "Ban yafe ba tukuna. Tashi ki sha kunun nan kafin ya huce."

Ƙungiyar ta rubuta wa shugaban asibitin takardar koke, Nasiha ta rubuta, su goma sha bakwai suka sa hannu har da Ikilima. Amsa ba ta zo ba. Nas ɗin tana nan a teburinta, in ta hango sandar Sailuba sai ta sunkuyar da kai cikin littafi. Dakta Sharhabilu ne, don kansa, ya rubuta wa kowannensu ɗan kati mai ɗauke da irin maganin da ake masa in ciwo ya tashi, da sa hannunsa, don kada a sake cewa su suka rubuta wa kansu.

Wata biyu bayan an sallame ta, Ikilima ce ta ce a je Assakio. Ranar kasuwa Tertsea ya kai su. Mai maganin yana nan a rumfarsa, jarkoki a jere, lasifika na ta faɗin cututtukan da yake warkarwa. Suka tsaya nesa kaɗan da layin masu saye, duk wadda ta zo da yaro mai rawayan ido Ikilima ta tare ta, ta gaya mata abin da ya same ta. Mutumin ya fito ya zazzage su, ya ce 'yan asibiti ne suka turo su ɓata masa sana'a. Sailuba ta rama har muryarta ta dushe. Mata biyu suka juya da yaransu. Sauran suka saya.

A hanyar dawowa Sailuba tana ta huci tana lissafa abin da ya kamata ta faɗa masa ba ta faɗa ba. Sai ta lura Ikilima na murza gwiwa a ɓoye. Haka ciwon ke somawa in jiki ya rasa ruwa.

"Tun safe kin sha ruwa?"

"Na manta, Yaya."

"Tertsea, tsaya wajen mai fiyawata can." Ta juya ta harare ta. "Leda uku za ki shanye a gabana, kuma ranar kasuwa mai zuwa da gora za ki zo."