Koren Akwati

Saura minti arba'in a rufe fom ɗin neman aiki da ƙarfe sha biyun rana, Yaya Tabita ta kira ni. Ina shagona a Samaru, tana gida a Jushi ita kaɗai.

Yayata makauniya ce tun tana shekara tara, amma a kan kwamfuta sai dai ka ja kujera ka yi kallo. Manhaja ce ke karanta mata abin da ke allo, ita kuma ta bi da maɓallan rubutu. Wani asibiti a Sabon Gari ke neman mai amsa waya, aikin da ta shekara biyu tana addu'a a kansa.

"Reuben, na cika komai, ya ƙi tafiya. Wai sai na amince da sharuɗɗa. Ina wajen amincewan?"

Ta faɗi sunan asibitin. Ni na gina musu fom ɗin bara. Mai asibitin ya ce akwatin da ake sa wa alama ya yi muni, na cire na ainihin na maye shi da hoto mai kyau. Ban damu ba, don a tunanina kowa shagon intanet yake zuwa a cika masa. Manhajarta ba ta san da hoton ba, tsallake shi take yi. Maɓallin aikawa kuwa ba ya motsi sai an taɓa hoton.

"Yana ƙasa ta hagu, Yaya. Kore ne."

"Kore," ta ce, ta yi 'yar dariya. Kunya ta rufe ni.

Gyaran fom ɗin bai fi rubutu layi uku ba, amma tun da na miƙa aikin suka canza kalmar sirri. Na kira ofishinsu sau shida ba a ɗaga ba, ai mai amsa wayar ake nema. Na ce ta leƙa maƙwabta, duk sun tafi biki. Na haye Keke Napep, muka maƙale a Kwangila bayan wata tirela, ina kallon agogo ba abin da zan iya.

Sha biyu da minti takwas na shiga. Tana zaune, hannunta a kan maɓallan har yanzu.

"Bar shi, ba laifinka ba ne," ta ce. "Wanda ya yi abin nan bai taɓa zama da makaho ba."

Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya.