Ruwan Bango

Shekara arba'in da ɗaya ina buɗe famfon kicin ɗin nan da sassafe, kuma ban taɓa barin ɗigon farko ya zuba a banza ba. Maigidana ne ya koya min, Allah ya jiƙansa. Aikin famfo yake yi, shi ya ja bututun gidan nan da hannunsa, ya binne shi can cikin bango mai kauri. Ruwan da ya kwana a ciki, in ka tara kofi da safe, sanyinsa har cikin haƙora. Kofi biyu rak ake samu, daga nan sai ruwan titi ya biyo baya, ɗumi-ɗumi ba daɗi. Ya sa masa suna ruwan bango, ya kuma kafa doka cewa kofin farko na ƙaramin yaron gida ne.

'Ya'yanmu huɗu duk sun sha, kowa sai ƙaninsa ya zo ya ture shi. Kofi na biyu kuma na maigidan ne. Ni da nake tarowa ban taɓa samun ko kurɓi ɗaya ba. In na yi ƙorafi sai ya ce ai ni da zafina aka haife ni, asarar ruwa kawai za a yi.

Da ya rasu yara duk sun watse, sai Auta ce ta rage a kusa. Tana aiki, don haka kullum da safe sai ta sauke min 'yarta ta wuce. Yarinyar nan tun ba ta iya tafiya ba ta iya surutu, shi ya sa na sa mata Aku. Ta tambaye ka, ta ba kanta amsa, ta kuma ƙaryata amsar. Tana shigowa za ta nufi kicin ta ɗauko jan kofinta ta miƙo min.

"Kaka, ruwana."

A shekararta ta huɗu ta fara canzawa. Abinci ya fita ranta, ciwon ciki yau da gobe, ga saurin fushi. Abin da ya fi damuna shi ne surutun ya ragu. Sai ta buɗe baki za ta faɗi abu, ta tsaya tana kallona, kalmar ta ƙi zuwa. Na ce zafi ne ya yi mata yawa a ciki. Sai na ƙara mata ruwan, har da kofin kakanta, tunda shi ba ya nan. Da hannuna na yi wannan, kuma da ƙauna na yi shi.

Wata ranar Asabar Auta ta zo ita kaɗai, da takardu biyu a hannu. Ba ta ko zauna ba.

"Umma, an gwada jinin Aku. Akwai dalma a ciki, da yawa. Kin tuna ruwan da na ɗiba a kwalba ranar nan da safe? Shi ma an gwada. Daga bututun nan ne."

"Wane bututun? Na ubanki?"

"Da dalma aka yi shi, Umma. In ruwa ya daɗe a ciki sai ta narke ta shiga. Wanda ya kwana shi ya fi kowanne."

Na ce to sai mu riƙa tafasawa. Ta ce tafasawa ba ta fitar da ita. Na ce ruwan da ba launi, ba wari, ba ɗanɗano, ina gubar take? Ta ce haka take, ba a ganinta. Nan raina ya ɓaci. Na ce ita ba ta sha ba? Yayyenta ba su sha ba? Ga su nan garau, har sun yi bakin da za su zo su ce ubansu ya zuba musu guba a bango.

Ta ce, "Mun sha. Yaya ƙarami ya daɗe yana sha kafin a haife ni, shekara bakwai. Kin tuna yadda karatu ya gagare shi, kuna ta yi masa faɗa? Likita bai ce shi ne ba. Ni dai na tuna."

Na nuna mata ƙofa. Kafin ta fita ta ce Aku ba za ta ƙara taka gidan nan ba sai an cire bututun, domin ta san halina, kuma ta san halin 'yarta.

Wata bakwai na yi ina taurin kai. Ba wai ban yarda da takardar ba ne, tun daren farko na yarda. Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne, bututun nan ne kaɗai abin da ya rage yana min magana a gidan. Lokacin da maigidan yake raye, in yana aiki can ta bayan gidan yana son shayi, ba ya kira. Sai ya ƙwanƙwasa bututu da sifana sau biyu, ƙarar ta bi bango ta same ni a kicin. Bayan rasuwarsa, duk lokacin da na rufe famfo da sauri, sai bututun ya buga sau biyu a cikin bango. Na san iska ce da ƙarfin ruwa, shi da kansa ya taɓa bayyana min tun yana raye. Amma ina amsawa. "Na ji," nake cewa, in ɗora buta.

Gidan ya yi min faɗi. Takalmin Aku ɗaya na nan ƙarƙashin kujera, na ƙi ɗagawa. Zanen da ta yi min da biro a jikin ƙofar firji, wanda na yi ta masifa a kansa, yanzu in zan goge sai in kewaye shi. Kowace safiya in cika jan kofin in ajiye a bakin taga, ya yini a wurin har sanyinsa ya gushe. Na yi kewar yarinyar nan har abinci ya daina min daɗi.

Auta takan haɗa mu a waya. Rannan na ce, "Aku, me kika ci yau?" Na ji numfashinta. Ta ce, "Kaka." Na jira. Ta sake cewa, "Kaka," sai ta yi shiru, ina jin yadda take neman abin da za ta faɗa. Uwarta ta karɓi wayar ta ce ana ba ta magani, ana kuma koya mata magana, an ce da sauƙi. Da muka gama ban ajiye wayar ba, na kira Dogo.

Dogo abokin aikin maigidan ne, tare suka yi shekaru suna ja wa mutane ruwa. Yanzu duk ya yi furfura. Ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya shafa mahaɗar bututun, wadda maigidan ya liƙe da dalma ya goge ta sumul kamar ƙwai.

"Yaya, ba wanda ya iya wannan haɗin kamarsa," ya ce. "Da dalma kowa yake aiki a lokacin. Wallahi ba mu sani ba."

"Na san ba ku sani ba. Yanke."

Zarto ya shige shi ba wuya, ashe abin laushi gare shi. Kwana uku ana fasa bango. Dogo ya ja sabon bututu fari ta saman bango, inda kowa zai gani. Ya ce bututun da ya taso daga titi zuwa ƙofa ba hurumin shi ba ne, kuma bai san da me aka yi shi ba. Don haka kowace safiya in saki famfo ya yi ta zuba na ɗan lokaci kafin kowa ya sha. Da ya tafi na buɗe famfon na rufe da ƙarfi, har sau uku. Bangon bai ce komai ba.

An sake gwada ruwan, sannan Auta ta kawo Aku, da safe kamar da. Ta yi tsawo, ta rame. Ba ta yi min magana ba, ta dai riƙe zanena ta ja ni kicin, ta miƙa hannu bakin taga ta ɗauko jan kofin.

Na buɗe famfo. Hannuna har ya tafi zai karɓi kofin, na mayar da shi baya. Muka tsaya mu uku muna kallon ruwan farko yana bin rariya. Aku ta dubi ruwan, ta dube ni, bakinta yana motsi. Uwarta ta yi min alama da ido kada in taya ta. Muka jira.

"Kaka," ta ce a hankali, "ruwana ne kike zubarwa."

Rabon da in ji ta haɗa magana mai tsawon haka, kusan shekara. Na durƙusa na rungume ta, kofin yana tokare min ƙirji, hawaye na zuba ban hana su ba.

"Naki ne," na ce. "Bari ya wuce tukuna."