Rigar da Aka Yi wa Ƙarfe

Duk wanda ya ce maka wuta ba ta iya wa ƙarfe, bai taɓa zama a maƙera ba. Ba ta cinye shi, gaskiya ne, amma tana sa shi ya yi laushi ya lanƙwashe kamar alewa. Ƙanena Attahiru ne ya yi mini wannan bayani a makon da ya kama aiki, kuma cikin duk abin da aka gaya masa a wurin aikin nan, shi kaɗai ne ya zama gaskiya.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin. Ina koyarwa a firamare a Tambuwal, inda nake aure. Attahiru ya taso daga garinmu Kebbe da rani neman aiki, ya sauka a zauren maigidana. Wani kamfani mai sayen auduga da fatu yana gina ƙaton sito a bakin hanyar Sakkwato, da kantuna a gabansa. Babu azara ko ɗaya a ginin. Ginshiƙansa da abin da ya ɗauki rufinsa duk ƙarfe ne. Da yake auduga za a tara a ciki, sai aka ce dole a yi wa ƙarfen riga, don in gobara ta tashi kada zafi ya kai gare shi rufin ya rufto.

Rigar kuwa feshi ce. Wani abu ne toka-toka mai zare-zare, kamar audugar da ta sha dauɗa, yana zuwa cikin buhuna. A juye shi a bakin inji, inji ya hura shi cikin mesa, a bakin mesar ya gamu da ruwa, ya tafi ya manne wa ƙarfe. Wanda ya manne ya manne. Saura kuwa ya tashi ya cika sito, har na tsaye a wannan kusurwa ba ya ganin na waccan. Attahiru dogo ne, ga ƙarfi, sai aka ba shi riƙon mesa. Duk sauran leburori suna ganin ya yi sa'a.

Kullum da la'asar sai ya dawo fari fat, har gashin ido. Ya yi tari, ya tofar da abu toka-toka, sannan ya ciro gwangwanin madara daga aljihu ya huda da ƙusa.

"Wanga fa?" na tambaye shi.

"Madara ta, Adda. Kamfani ka ba mu. Tana wanke ƙirji."

"Wa yac ce?"

"Kowa ya sani."

"Madara ciki taka zuwa, ƙura kuwa huhu. Ina sunka gamu balle ta wanke ta?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke dai Adda, komi sai kin yi mai jarrabawa."

Kowa ya sani! Na tsufa yanzu, kuma ban taɓa jin maganar da ta kashe mutane kamar wannan ba.

Ran nan da aka tashi makaranta na yafa gyalena na tafi wurin aikin. Tun daga nesa na hango Baturen da ke kula da feshin. Yana tsaye ta inda iska ke tasowa, fuskarsa ɗaure da wani takunkumin roba mai dogon hanci. Shi kaɗai. Ban kai gare shi ba helman leburori ya tare ni. Sunansa Ɗangiwa, gajere mai babbar murya.

"Malama, nan ba aji ba na. Ɓatan hanya kinka yi?"

"Wurin maigidanka niz zaka."

"Ba shi ganin mata."

"To shi rufe ido, magana nika yi."

Na wuce shi. Na gaishe da Baturen da harshensa, ya zare takunkumin don mamaki. Na tambaye shi mene ne a cikin buhunan nan. Ya ce wani irin dutse ne da ake nikawa, ba ya cin wuta, ba ya cutar da kowa. Na ce to me ya sa yake rufe hancinsa? Ya ce shi baƙo ne, ƙirjinsa bai saba ba, amma mutanen ƙasar nan cikin ƙura aka haife su. Na ce masa na karanta littafin kiwon lafiya irin wanda aka karanta a ƙasarsu, ban ga inda aka zana wa baƙar fata huhu dabam ba.

Ya dube ni, ya dubi agogo. Ya shiga motarsa ya ɗauko wani tsohon takunkumi ya miƙo mini, kamar mai ba kare ƙashi don ya daina haushi.

"Ba zai sa ba," in ji shi. "Na san mutanenku."

Har yau in na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne mu da hannunmu muka gaskata shi.

Attahiru ya sa. Da ƙyar, amma ya sa, don ban taɓa roƙonsa wani abu ba sai ran nan. Washegari ya dawo fuska a murtuke.

"Adda, kin jawo man. Wani lebura da aka ce ma Dogo cewa shikai an sa ma jakin Kebbe takunkumi kar shi ci gyeron mutane."

"Dogo na da huhun aro da za shi ba ka?"

"Wannan mai sauƙi na. Hancin alade suka ce man. Ni, ɗan Musulmi! In na tai alwala sai su matsa."

Da safe ya roƙi farin ƙyalle. Na yanko masa daga wani sabon yadi. Ya ɗaura takunkumin, sannan ya naɗe ƙyallen a kansa, ya zagayo da shi ya rufe hanci da baki, robar ta ɓuya gaba ɗaya. Tsokana ta ragu. Wasu suka riƙa ce masa Buzu, ya ce ya ji, Buzu dai mutum ne. Cikin 'yan makonni tarin ya lafa. Ya koma cin tuwo kamar da. Madarar ma 'ya'yana yake ba. Na ɗauka na gama.

Sai aka ce wani babban basarake zai biyo ta Tambuwal, zai tsaya ya ga ginin zamani. Aka share wuri, aka yayyafa ruwa. Mu malamai aka sa mu jera yara a bakin siton su yi waƙar maraba, shi ya sa abin ya faru a kan idona.

Basaraken ya shigo da jama'arsa. Baturen ya ɗaura takunkuminsa, ya ba da hannu a tayar da inji don baƙo ya ga yadda ake yi. Attahiru na bisa tsani da mesa. Ƙura ta tashi. Na ga basaraken ya ja amawalinsa ya rufe hanci, abin da duk mai hankali zai yi.

Ga wanda bai sani ba, amawali shi ne ɓangaren rawani da ake ja a rufe baki da shi. A ƙasarmu ba kowa ke yin sa ba. Talaka bai isa ya tsaya gaban mai sarauta da baki a rufe ba, balle a ce yana bisa, mai sarauta na ƙasa.

Wani bafade ya ɗaga kai ya hango shi.

"Kai! Wanene wancan? Wa yan naɗa shi?"

Aka kashe inji.

"Ranka shi daɗe, yaro na, ɗan Kebbe," in ji Ɗangiwa. "Ba shi da wayo."

"Sarkin mi a shi? Sarkin ƙura?"

Aka fashe da dariya. Ɗangiwa ya haye tsanin nan da gudu kamar ba gajere ba, ya fizge ƙyallen, ya fizge takunkumin, ya jefo su ƙasa. Aka sauko da Attahiru ya durƙusa ya yi gaisuwa. Basaraken hannu kawai ya ɗaga. Ban ma tabbata ya san abin da ake yi ba. Na bar layin yara na nufo su ina cewa a dubi Baturen, ai shi ma fuskarsa a rufe take. Hedimasta ya sha gabana.

"Malama Atu, ki rufa muna asiri."

Baturen kuwa ko motsi bai yi ba. Ba wanda ya tambaye shi wa ya naɗa shi. Aka sake tayar da inji, ƙanena ya hau ya yi wa baƙi feshi da fuska a buɗe, suna tafi.

Na tsinci takunkumin na kai gida. Na ce masa baƙo ya wuce, gobe ya mayar. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Kebbe, kuma ya kai da ƙari: wai ɗan gidanmu ya yi wa kansa naɗi a Tambuwal. Baffa Ladan, wan mahaifinmu, wanda gida ke hannunsa tun rasuwar Baba, ya aiko mu zo mu biyu, mu taho da abin.

Muka same shi a zaure, zaune a kan buzun salla. Ya juya takunkumin da bakin sandarsa, bai taɓa shi da hannu ba.

"Tun kakanninmu ba a taɓa kiran gidanga da rashin kunya ba. Sai yau."

"Baffa, ƙurar nan cuta ta," na ce.

"Ke likita ta?"

"A'a. Amma wanda ya kawo ta gudunta shikai. Wannan bai ishe mu aya ba?"

"Leburori nawa ka aiki wurin? Duk ba su da 'yan'uwa sai shi? Ko ko su ba su da Malama?" Ya juya ga Attahiru. "Kai kuma, mace ta ɗaura maka hancin alade ka tsaya. Ba su ba ku madara?"

"Suna ba mu, Baffa."

"To mi kaka nema kuma? Cuta da lafiya na Allah na."

"Ƙarfen ma na Allah na, Baffa, amma riga aka yi mai."

"Atu! Boko ya koya miki ki mayar man da magana?"

Ya sa Attahiru ya ɗauki takunkumin da hannunsa ya jefa a salga. Na ji ƙarar faɗawarsa daga inda nake zaune. A hanyar komawa muka iso garin Jabo. Can ya ce, "Adda, ki yi haƙuri. Ba ni iya zama abin nuni." Na ce ai zai zama, ya jira.

Da aka gama siton Tambuwal kamfanin ya tafi da shi. Gusau, Zariya, Kaduna, duk inda aka kafa ƙarfe shi ke yi masa riga. Ya yi shekaru yana wannan aiki. Ya dawo Kebbe da keke da rediyo, ya yi aure, ya koma noma. Baffa Ladan ya riƙa nuna shi yana cewa, "Ga wanda anka ce ƙura za ta kashe." Ni ma har na fara fatan a ce ni ce na yi kuskure. Wallahi da na fi kowa murna.

Abin ya zo a hankali, bayan 'ya'yansa sun tasa. Ya fara tsayawa hutu a tsakiyar kunya in yana noma. Sannan keke ya gagare shi. Sannan ya zama ba ya iya kai Fatiha ƙarshe sai ya tsaya ya nemi numfashi. Aka ce asma ce. Aka ce sammu ne, don ya yi arziki. Aka yi turare, aka sha rubutu. Wata tsohuwa ta ce a ba shi madara.

Na ɗauke shi na kai asibiti a Sakkwato. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a haske, ya tambaye shi aikin da ya taɓa yi. Da ya ji, sai ya ajiye hoton. Ya ce sunan abin asbesto. Zarensa in ya shiga huhu ba ya fita, ba ya ruɓewa, sai huhun ya yi ta tauri har ya kasa buɗewa. Na ce yaushe aka gano haka? Ya ce a ƙasar da aka yo shi an san yana da illa tun kafin a loda shi a jirgi. Na ce magani fa? Ya ce mu koma gida.

Yana kwance a Kebbe, an tokare shi da matasai don ba ya iya miƙewa, sai ga Ɗangiwa ya zo dubiya. Ya tsufa, amma muryar na nan.

"Attahiru, albishirinka! Ka ji siton Tambuwal ya kama wuta?"

Attahiru ya buɗe ido.

"Auduga ta ƙone ƙurmus, ƙofofi sun tafi, kwano ya yi baƙi. Amma ƙarfen nan? Ko gezau! Injiniya ya zo ya duba, yac ce wanda ya yi feshin ga ya san aikinai."

"Bai... lanƙwashe ba?"

"Ko ɗaya!"

Sai ƙanena ya yi murmushi. Wannan murmushi ya fi komai ƙona mini rai. Na tashi na ɗauke kwanon furar da aka ajiye wa baƙo.

"Malama, ban ko sha ba."

"Ka tai sito ka sha. Can mai lafiya yake."

Attahiru bai kai kaka ba ya rasu. Ran sadakar uku Baffa Ladan ya sa aka kira ni. Ya makance a lokacin, yana zaune a zauren nan dai, a kan buzun nan dai.

"Atu, an ce man ba ki karɓar gaisuwa. Ki yi haƙuri. Kwanansa sunka ƙare."

"Na sani, Baffa. Ban taɓa musun ajali ba."

"To mi ya rage?"

"Ƙarfe na can Tambuwal tsaye da rigarsa. Wanda ya sa mai ita, ku kunka tuɓe mai tashi."

Ya ce in fita. Na fita.